Filin Amsa Tambayoyinku: Jami'a Ta Sauka a Karkara, Ina Matsayin Gwanayen Gari?

A wannan watan wasiƙu huɗu na ware daga cikin waɗanda suka iso gare mu, domin dukkansu sun shafi garuruwan da jami'a ta sauka a tsakiyar gonaki, kuma duka suna magana ne a kan zaman da ake yi tsakanin masu littafi da masu sana'ar hannu. Tun da jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil ta fara aiki a 2001, wadda aka sa wa sunan Aliko Dangote a 2022, sannan Jami'ar Tarayya ta Dutse ta biyo baya a 2011, ta Kafin Hausa kuma a 2013, irin waɗannan tambayoyi ba su yanke ba. Kamar yadda muka saba, mun sakaya sunayen masu tambaya.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Malam, ni haifaffiyar birnin Kano ce, kuma Allah Ya ba ni gurbin karatu a jami'ar da ke Wudil. Ina matuƙar sha'awar zane da kayan gargajiya, amma ƙawayena sun ce mini can babu komai sai shanu da yashi. Shin akwai abin da mai irin sha'awata za ta tsinta a garin, ko kuwa in haƙura sai na dawo gida hutu? Daga wata ɗaliba, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata. Allah Ya sa wa karatun albarka, Ya sa a gama lafiya. Ƙawayenki sun faɗi abin da ake hangowa ta tagar mota idan an hau gadar Wudil, domin lallai akwai shanu, akwai kuma masu ɗibar yashi a cikin kogi, sai dai wanda ya tsaya a tagar mota bai shiga gari ba. Gaskiya ne ba za ki tarar da irin Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa na birni ba, inda aka jera kayan da aka rubuta bayani a ƙarƙashinsu. Abin da za ki tarar shi ne mutanen da har yau suke yin waɗannan kaya da hannunsu, suna kai su kasuwa, suna ciyar da iyalinsu da kuɗin, kuma a ganina mai son zane ta fi buƙatar ganin hannun da yake aiki a kan ganin kayan da aka ajiye. Ita kanta sarautar Makaman Kano da gidan tarihin ya ci sunanta, tun da daɗewa an san ta da ƙasar Wudil a hannun Fulani Jobawa, kuma Makama yana cikin masu zaɓen Sarkin Kano, saboda haka ba sabon wuri za ki je ba.

Ki fara da kasuwa. Ranar Juma'a take ci, kuma kararta tana cikin manyan kasuwannin shanu na ƙasar Hausa, inda manyan motoci suke yin lodi zuwa kudu. Ki samu abokan tafiya ku fita da hantsi kafin rana ta take, ku wuce kara, ku nemi layin 'yan tukwane da na 'yan ƙwarya da masu faifai da tabarmar kaba, sannan ku tsaya wajen maƙera da dukawa. Ki dubi ƙoren da matan Fulani suke ɗauko nono a ciki da kyau, domin zanen da ke jikinsu, wani da wuƙa aka kankare shi, wani da ƙarfe mai zafi aka ƙona shi, darasi ne na tsara layi da maimaita siffa wanda aka gada kaka da kakanni.

Na taɓa yin kusan wuni guda a gefen wata dattijuwa mai ginin tukwane a irin wannan kasuwa, kuma abin da na gani bai fita daga raina ba. Duk wanda ya zo sayen tulu, ba ta barin ya ɗauka sai ta tallafe shi a tafin hannun hagu ta ƙwanƙwasa shi da gaɓar yatsa, ta karkata kunne. Idan ya yi ƙara mai tsawo kamar ƙararrawa sai ta miƙa, idan kuwa ƙarar ta mutu nan take sai ta ajiye shi gefe ta ce ya tsage a wuta, ko da ido bai ga tsagar ba. Ta nuna mini yadda ake daka tsingaro a cakuɗa shi da yumɓu domin kada tukunya ta fashe wajen ƙonawa, da yadda ake shafa jar ƙasa a goge da 'ya'yan kuka da aka shirya a zare har jikin ya yi sheƙi. Da na tambaye ta dalilin da ya sa ruwan randa ya fi sanyi, sai ta ce ai randar kirki gumi take yi. Abin da malamin kimiyya zai zana a allo ke nan, cewa ruwa yana tsattsafowa ta ƙananan ƙofofin yumɓu, iska ta busar da shi, ya tafi da zafin da ke ciki. Ke da za ki shiga jami'ar kimiyya, kin ga ke nan aji biyu gare ki, ɗaya cikin katanga ɗaya a bakin kasuwa.

Bayan kasuwa sai kogi. Ruwan Kogin Kano da na Calawa ne suke haɗuwa kafin su iso Wudil, su zarce har Haɗeja, kuma tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 yanayin cikarsa da janyewarsa ya sauya. Masunta suna nan da komarsu da tarunsu da gorar da suke kifa ciki a kanta su bi ruwa, kuma saƙar koma kaɗai ta ishi mai zane kallo. Titin da ya bi ta gaban jami'ar kuwa shi ne yake kai mutum Gaya, garin da tarihin baka ya ce daga cikinsa maƙeran nan Abagayawa suka tashi neman tama har suka sauka a gindin Dala.

Idan kika shiga tsofaffin unguwanni da ƙauyukan kewaye, ki ɗaga kai ki dubi soraye. Ki nemi magini ya nuna miki tubalin hannu, da azarar giginya, da zankwayen da ke kan katanga, da makubar da ake samu daga kwasfar ɗorawa a yi yaɓe da ita don kada ruwa ya ci bango. Ki tambaye shi laso, za ki ji yadda ake haɗa katsin da aka kwaso daga marina da gashin jima daga wurin majema da dafara daga daji. Wannan kaɗai zai nuna miki yadda sana'o'in nan suke riƙe da juna, ta yadda idan marina ta mutu magini ma ya yi rashi. Ki kuma lura da lokaci, domin wasannin karkara suna bin shekarar manomi ne: gangar noma da damina inda ake gayya, dambe da kokawa da kaka bayan amfani ya shiga rumbu, tashe kuma daga goma ga watan azumi.

Sai da ɗan gari kan ci gari. Ki yi ƙawa a cikin 'yan ajinku 'yan asalin yankin, ita za ta shigar da ke gidajen da baƙo ba ya shiga kai tsaye. Ki durƙusa ki gaida manya, ki nemi izini kafin ki buɗe littafin zanenki ko ki ɗaga waya, ki sayi wani abu ko da asusu ne, kuma ki riƙa komawa wurin mutum guda har ya san fuskarki, domin gwani ba ya buɗe cikinsa ga wanda ya gani sau ɗaya.

TAMBAYA: Malam, ƙauyenmu yana kusa da wata jami'a a nan Jigawa. Mahaifiyata ta manyanta, kuma an san ta da waƙoƙin niƙa da na daka da kiɗan ƙwarya tun tana da ƙarfi. Wasu ɗalibai suka zo suka ce aikin makaranta aka ba su, ta yi musu waƙa suka ɗauka a waya. Bayan 'yan makonni sai ga hotonta yana yawo a Facebook da TikTok, wasu har suna dariya a ƙasa. Ranta ya ɓaci ƙwarai, ta ce kada a sake shigo mata da kowa. Mene ne abin yi, kuma mu rufe ƙofa ke nan? Daga wani magidanci, Jigawa.

AMSA: Malam, Allah Ya ba Inna haƙuri, Ya ƙara mata lafiya da nisan kwana. Abin da aka yi mata cin amana ne, kuma tana da gaskiya da ta yi fushi. Ta ba da abu da sunan ilimi, aka kai shi inda ba ta ce a kai ba.

Wataƙila yaran ba su san nauyin abin da suka ɗauka ba, shi ya sa zan ɗan tsaya a nan. Waƙar niƙa ba don dandali aka yi ta ba. Mace ce a durƙushe gaban dutsen niƙa, sau da yawa tun da asuba, tana rera abin da ba za ta iya faɗa da baki a tsakar gida ba, wato begen iyayenta da garinsu, da habaici ga kishiya ko uwar miji, da yabon ɗan fari wanda kunya ta hana ta kiran sunansa. Na tashi na tarar da kakata tana yin irinta, kuma na tuna yadda takan sassauta murya da zarar ta ji takun namiji a zaure, ta bar ƙarar dutse kaɗai tana tashi har sai ya wuce. Wanda ya ɗauki irin wannan ya watsa wa duniya tare da fuskar mai ita, asirin ɗaki ya fitar waje, ko da bai yi nufin sharri ba.

Shawarata ita ce a bi abin a hankali ta hanyar da aka sani. Ka fara sanar da mai unguwa ko dagaci, domin ya zama ba kai kaɗai kake magana ba. Daga nan ku tafi jami'ar ku nemi shugaban sashen da ɗaliban suka ce ya turo su, ko ofishin kula da harkokin ɗalibai. Duk aikin bincike na ɗalibi yana da malamin da yake duba shi, kuma malami mai mutunci ba zai so a ce da sunan sashensa aka yi wannan ba. Ku nemi abu uku a fili: a sauke hoton daga duk inda suka sa shi, su zo har gida su ba ta haƙuri, su kuma ba iyali kwafin abin da suka ɗauka. Su ma Facebook da TikTok suna da wurin kai ƙara a kan hoton da aka sa ba da yardar mai shi ba, wani matashi a gidan zai iya yi muku. Ka kuma sani doka ba ta bar ku haka ba, domin dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta ba mai waƙa ko wasa iko a kan ɗaukar aikinsa da yaɗa shi, ta kuma tanadi kariya ga fasahar gargajiya, sannan akwai dokar kare bayanan mutane ta 2023. Ban kawo wannan don ku garzaya kotu ba, na kawo ne don ka shiga ofishin da sanin cewa haƙƙi ka zo nema, ba alfarma ba.

Maganar rufe ƙofa kuwa, ina roƙon Inna ta sassauta idan zuciyarta ta huce, amma kada a matsa mata. Dalilina shi ne, tun da injin niƙa ya shiga ƙauyuka aka jingine dutse a bayan ɗaki, waƙar da take tafiya da shi ma ta fara ɗaukewa, kuma 'yan matan yanzu da yawa ba su taɓa jin ta ba balle su riƙe. Abin da ke kan Inna ba ya cikin kowane littafi. Masana a Jami'ar Bayero da cibiyarta ta nazarin harsunan Nijeriya sun daɗe suna tattara irin wannan adabi na baka, kuma aikin ya yi amfani matuƙa, saboda haka laifin yana ga yadda waɗannan yara suka yi, shi kansa tattarawar alheri ne. Nan gaba duk wanda ya zo, a nemi takarda daga sashensa mai ɗauke da sunan malaminsa, a yi magana gaban shaida a kan ko murya kaɗai za a ɗauka, da inda za a ajiye ta, da ko Inna tana so a ambaci sunanta a cikin aikin ko a sakaya. A kuma ba ta tukuici na mutunci, domin a al'adarmu ba a sa makaɗi ko mawaƙi aiki a tashi hannu rabbana. Abin da ya fi duka a wurina shi ne jikokinta mata su zauna da ita da daddare, su ɗauki muryar da wayar gida, su rubuta baitocin, su kuma koya da bakinsu.

TAMBAYA: Ni ne sakataren ƙungiyar ɗalibai Hausawa a makarantarmu, wadda take wani gari na karkara. Kowace shekara muna yin Makon Hausa, mu ari alkyabba da rawani, mu naɗa sarkin ɗalibai, a sha fura, a yi rawa a watse. Ina jin kamar akwai abin da ya rage, ga shi kuɗinmu kaɗan ne. Ina mafita? Daga wani ɗalibi.

AMSA: Ɗana, jin da kake yi daidai ne, kuma na yaba maka da ka ji shi. Ban raina abin da kuke yi ba, domin ɗalibin da ya ɗaura rawani sau ɗaya a shekara ya fi wanda yake jin kunyarsa. Abin da ya rage shi ne mutanen garin da kuke zaune a cikinsa, waɗanda kuke kwaikwayon kayansu alhali suna bayan katangarku ba wanda ya gayyace su.

Kuɗin da kuke kashewa wajen hayar manyan lasifika ku raba shi biyu. Da rabin ku ɗauko maƙeri da zugazuginsa da uwar maƙerarsa ya ƙera lauje a gaban jama'a, ku ɗauko masaƙi ko mai ɗinkin hula ko baduku, ku ba kowannensu kujera a gaba tare da malamai, a ba shi dama ya yi bayani da bakinsa, ɗalibai su yi masa tambayoyi. Ku biya su ladan wunin da suka bari, ku kuma bar su su baje kayansu su sayar. Kafin komai ku je gaisuwa wurin hakimi ko dagaci, shi zai haɗa ku da sarkin maƙera da sarkin magina da sarkin makaɗa, abin da za ku yi wata kuna nema ya samu a zama ɗaya. A wannan zaman ne kuma za ku tambayi iyakar abin da ya halatta ku kwaikwaya, domin tambari da kakaki na sarakuna ne, ba a buga su ko busa su don wasa.

Ku kula da lokaci. Ranar Hausa ta Duniya tana faɗowa 26 ga Agusta, tsakiyar damina, lokacin da mutumin karkara yake gona tun safe. Ku yi laccarku da gasar waƙa a ranar, amma taron da kuke so gari ya halarta ku kai shi bayan kaka. Idan kuna neman abin da za ku gina taron bana a kansa, ga shawara: a Disamban 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake taƙama da su, kuma kowa yana kallon mahayi ne, ba a cika tambayar wanda ya yi sirdi da linzami da likkafa da jalala ba. Ku nemo irin waɗannan mutane a yankinku, ku rubuta sunayensu da tarihin gidajensu da yardarsu, ku ajiye kwafi a ɗakin karatu na makaranta, ku kai wa kowannensu nasa. Ku kuma nemi izini a buɗe ƙofa ranar ga 'yan firamaren garin, domin da yawansu suna wuce ƙofar nan kullum ba su taɓa taka cikinta ba.

TAMBAYA: Ina karatu a Dutse, na ji ana maganar zanen duwatsu a Birnin Kudu. Ya cancanci mutum ya yi takakkiya? Daga wani ɗalibi, Dutse.

AMSA: Ƙwarai kuwa, ɗana, kuma tafiyar wuni ɗaya ce. Tun a shekarun 1950 masu bincike suka bayyana wa duniya zane-zanen da ke jikin duwatsu irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habude, kuma suna ƙarƙashin kulawar hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. Akasarinsu siffofin shanu ne, ciki har da masu dogayen ƙaho marasa tozo, saɓanin shanun da ka saba gani a kara yau, abin da yake nuna daɗewarsu. A wurin akwai kuma duwatsun da idan an buga su suke amo kamar ƙarfe. Kafin ka tafi can ma, ka hau Garu a nan Dutse ka ga tsohon gari a tsakanin duwatsu da adon da ke jikin bangon fada. Idan kun isa Birnin Kudu ku nemi ma'aikacin da ke kula da wurin ya yi muku jagora, kada ku taɓa zanen da hannu, kada ku watsa masa ruwa don ya fito a hoto, kuma ka hana abokan tafiyarka rubuta sunayensu a jikin dutsen.